Yadda ƙaramar tankar yaƙi take juyawa ba tare da sitiyari ba

Jama'a masu kallo, tun da bidiyon wannan ƙaramar tankar yaƙi da aka ƙera a nan Gusau ya bazu a WhatsApp, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa: ina aka ɓoye tayoyin da suke juya ta? Wasu ma sun rantse akwai sitiyari a cikinta. Ga ta nan an kifa ta, ku duba da kyau, babu ko ɗaya.

Samfurin da aka kwaikwaya shi ne T-34, tankar da Tarayyar Sobiyat ta fara ƙerawa a shekarar 1940. Tsawon jikinta ya kai kusan mita 6, faɗinta mita 3, nauyinta kuma kimanin tan 26. Maƙerin ya raba kowane awo gida 6, sai ta dawo mita 1 a tsawo da santimita 50 a faɗi. Yankan falle, walda da fenti duk kuna ganinsu, kuma kowane mai walda a bakin kasuwa zai iya yin su.

Inda ake ruɗewa shi ne nan ƙasa. Tankar tana da injin lantarki guda biyu, ɗaya yana jan sarƙar da take tafiya a kai ta gefen dama, ɗaya yana jan ta hagu, kuma babu wani ƙarfe da ya haɗa su. Idan suka yi gudu daidai, tankar ta miƙe. Idan aka rage wa na hagu gudu, sarƙar dama za ta riga ta hagu, sai tankar ta karkata hagu. Idan kuwa aka tura ɗaya gaba, ɗaya baya, sai ta juya a wuri guda kamar yadda kuke gani yanzu. Ita T-34 ta ainihi inji ɗaya gare ta, direbanta yakan saki kulocin gefe ɗaya ya ja masa birki, amma hikimar duk ɗaya ce: bambancin gudu tsakanin sarƙoƙin biyu shi ne yake juya ta.

Yanzu ku kalli yashin da yake taruwa a gefen sarƙar yayin da take juyawa. Sarƙa ba ta iya lanƙwasa ta bi kwana, saboda haka dole gabanta da bayanta su goge ƙasa ta gefe, kuma a wannan lokacin ne injin yake shan wuta fiye da kowane lokaci. Wanda ya gwada injinsa a miƙaƙƙiyar hanya kawai ya ce ya gamsu, a kwanar farko zai ji warin waya tana ƙonewa. Don haka a ganina ƙarfin ja ya fi gudu muhimmanci nesa ba kusa ba. T-34 tana kaiwa kilomita 53 a awa, wanda idan aka raba 6 bai kai kilomita 9 ba, watau gudun sassarfa.

Injin waifar mota (mai goge gilashi) mai ƙarfin wuta bolt 12, irin wanda ake samu wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, yana da giya a cikinsa mai rage gudu ta ƙara ƙarfi, kuma ya isa ga tanka mara nauyi. Sai dai a yawancinsu waya ɗaya tana haɗe da jikin injin, don haka wajibi ne a raba ta da shi kafin a sa shi ya riƙa juyawa gaba da baya, in ba haka ba wuta za ta haɗu ta cikin firam. Tanka mai nauyi kuwa sai injin keken guragu mai bolt 24.

Sarƙar ita ce ta babur, lamba 428, an jera biyu a kowane gefe an ɗaure musu ƙananan faranti. Tazarar gaɓoɓinta milimita 12.7 ce, kuma tayar mai haƙora da za ta ja ta dole ta kasance ta wannan lamba. A sa ƙusa mai zare a tayar gaba domin ɗaure sarƙa idan ta saki.

Bututun bindigar nan na roba ne, ba ya harba komai. Duk da haka, da halin tsaron da muke ciki a Zamfara, ina roƙon duk wanda ya ƙera irinta ya tuƙa ta da rana a cikin gida ko filin makaranta, kada ya kusanci shingen jami'an tsaro da ita.