Nok: Abin da Tsingaro da Gawayi Suka Bayyana

A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kudancin jihar Kaduna ta yau, suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. A 1943 wani kan ya sake fitowa kusa da Jama'a, har aka kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, wanda ya gane cewa kawunan biyu aikin mutane ɗaya ne, mutanen dā da yanzu ake kira al'ummar Nok.

Mu fara da idanun waɗannan kawuna. Kusurwa uku gare su, an huda tsakiyar kowane, haka ma hanci da baki. Ba don ado kaɗai ba. Cikin mutum-mutumin fayau yake, an gina shi ne da naɗin yumɓu kamar tukunya, an cakuɗa da tsakuwa. In babu ƙofofin, tururi zai taru lokacin gashi ya tarwatsa aikin.

To, ta yaya ake sanin shekarunsa? Ana auna gawayi ko ƙonannen hatsin da aka samu tare da shi da gwajin kabon-14, wanda ke nuna tsawon lokacin da tsiro ko dabba ya yi da mutuwa. Shi ya sa ake kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a rubuta zurfin kowane abu, a zuba ƙasar cikin ruwa har ƙwayoyin hatsi su taso sama. Da wannan hanya masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt, da suka fara aiki a 2005, suka kai farkon al'ummar Nok kusan shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), farkon yin mutum-mutumin kuma wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Mutanen Nok gero suke nomawa da wake, suna cin atili. A 2021 aka sanar da samun kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron da aka gwada. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murhunan narka tama.

Ƙashi kuwa babu, ƙasar wurin mai tsami ce, ta cinye shi.

Babbar ɓarnar ita ce ta masu haƙar sata. Su kai suke nema, sai su watsar da gawayin, su hautsina ƙasar. Kan da aka fitar haka zai yi tsada a Turai, amma ba wanda zai iya cewa daga kabari ya fito ko daga gida.