Darasi: Gyaran Kwanson Harsashi Kafin Sake Ɗura Shi

Masu kallo, barkanmu da war haka. Yau aikinmu a kan kwanso ne kawai, ba za mu taɓa albarushi ba.

Ku fara da rarrabewa. Ku duba tambarin da ke gindi, na kamfani ɗaya waje ɗaya, waɗanda aka harba sau biyu kada su gauraya da na sau biyar. Kaurin bango ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, don haka matsin wuta ya fi tashi a cikinsa. Sai wanki, amma ban da maganin goge ƙarfe mai amoniya, tsattsaga tagullar kwanson yake yi.

Yanzu ku lura da hannuna. Ga 'yar waya na lanƙwasa bakinta, na zura ciki, ina karce bango kusa da gindi. In ta maƙale a wani ɗan kwari, ko kun ga zobe mai ƙyalli daga waje, a jefar da shi. Gindin na gab da cirewa ne.

Abin da ke jawo wannan kuwa shi ne danna kafaɗa, wato inda kwanson ya tsuke zuwa wuya, fiye da kima lokacin matsewa, wato mayar da kwanson girmansa bayan harbi ya buɗa shi. Nan ne mutane da yawa ke ɓata kwansonsu. Duk harbi kwanson zai miƙe ya cike giɓin da dannawar ta bari a cikin bindigar, bangon yana sirancewa. Ku auna kafaɗar wanda aka harba a bindigar, ku saita bututun matsi, wato wanda ake cusa kwanson a ciki don matsewa, ya mayar da ita baya da inci 0.002 kacal, in bindiga ce mai sakata ta hannu. Mai ɗura kanta tana son 0.003 zuwa 0.004. Man shafawa kuma a sa kaɗan a jikin kwanson kafin matsewa: in ya taru a kafaɗa sai ta lotsa, in babu shi kwanson ya maƙale a bututun.

Bayan matsewa ake auna tsawo, ba kafin ba, domin matsewar kan ƙara shi. Samfurin .308 Winchester iyakarsa inci 2.015, ana datse shi zuwa 2.005. Wanda ya zarce, bakinsa zai cije kan harsashin, matsi ya haura. A kankare bakin ciki da waje kaɗan, kada ya yi kaifi.

Gashi da wuta kuma, wuya da kafaɗa kaɗai ake gasawa don su yi laushi. Zafi ya kai gindi, wannan kwanson ya tashi daga aiki.