Sharhi: Yadda kotun New York ke auna haɗarin mai laifin fyaɗe

Jama'a masu saurare barkanmu da war haka. Yau sharhin namu Amurka za mu leƙa, kan wani abu da ake yi wa wanda aka kama da laifin fyaɗe ko lalata da yara bayan ya gama zaman kaso, wato ba wai a buɗe masa ƙofa a ce jeka Allah ya kiyaye gaba ba, a'a, sai an sa sunansa a rajista, kuma a jihohi irin su New York sai alƙali ya zauna ya faɗi matakin haɗarinsa ga jama'a.

Asalin abin daga wata yarinya ne, Megan Kanka, ƴar shekara 7, a jihar New Jersey, wadda maƙwabcinsu ya yi wa fyaɗe ya kashe ta a 1994, ashe mutumin an taɓa ɗaure shi har sau biyu kan irin wannan ta'asa kuma iyayenta ba su sani ba. A 1996 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira da sunanta, wadda ta tilasta a riƙa sanar da jama'a game da irin waɗannan masu laifi.

To a jihar New York ga yadda ake yi. Akwai wata hukuma da ke cika takarda mai tambayoyi 15, kowacce da makinta kamar jarabawa, sai dai ita wannan wanda ya ci da yawa shi ne ya shiga uku. Idan ya riƙe makami mai haɗari maki 30. Yaron da ya cuta shekararsa 10 ko ƙasa, 30. Yana shaye-shaye, 15. Ya ƙi amsa laifinsa, 10. Sai a tara. Daga 70 zuwa ƙasa mataki na ɗaya ne, shekara 20 a rajista. 75 zuwa 105 mataki na biyu, 110 zuwa sama na uku, su waɗannan biyun sunansu na rajista har ƙarshen rayuwarsu, hotonsu da adireshinsu na intanet kowa ya gani, na ukun ma duk kwana 90 sai ya kai kansa wajen ƴan sanda.

Ni dai akwai inda lissafin ke ɗaure min kai. Baƙon da bai san yarinyar ba ana ƙara masa maki 20, amma kawu ko mijin uwa da ke cin tuwo gida ɗaya da ita ba ya samun wannan makin, alhali kowa ya san ɓarnar ta fi yawa a hannun na gida. An ce dalilinsu shi ne baƙo shi ya fi zama barazana ga unguwa gaba ɗaya. To na ji, amma dai.

Ita dai takardar shawara ce kawai, alƙali na da ikon ya ɗaga ko ya sauke, kuma lauyan gwamnati ne zai kawo hujja ƙarara. Kun tuna Jeffrey Epstein, attajirin nan da aka ɗaure kan neman lalata da ƙaramar yarinya, ake kuma zarginsa da cutar wasu ƴan mata da dama? A 2011 an kawo maganar matakinsa a kotun Manhattan da ke birnin New York, hukumar ta ce na uku ya dace da shi, sai ga lauyar gwamnati, wadda aikinta ta matsa masa, ta miƙe tana roƙo a sauke shi zuwa na ɗaya, wai ai ba a gurfanar da shi kan sauran ƴan matan ba. Alƙaliya Ruth Pickholz ta ce ita ba ta taɓa ganin ofishin masu gabatar da ƙara ya yi haka ba, ta ƙi, ta bar shi a na uku. Daga baya ofishin ya ce kuskure aka yi. Wallahi da matar nan ta yi sanyi da shikenan, mai kuɗi ya sha.

Mu ma nan Najeriya NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ta buɗe irin wannan rajista a 2019, don haka zancen bai yi mana nisa ba.

Shi kuwa Epstein, duk da matakin na uku da aka liƙa masa, jaridun New York sun bankaɗo a 2019 cewa zuwan nan na kwana 90 bai taɓa yi ba, ƴan sandan suka ce ai ya mayar da adireshinsa tsibirinsa na Virgin Islands.