Kayan hannu da kayan tarihi: wanne aka hana sayarwa?

Assalamu alaikum. Wannan ƙofa da kuke gani ta Gidan Tarihin Kanta ce a Argungu. Nan sarakunan Kabi suka zauna har 1942, da aka koma sabuwar fada, sai aka buɗe gidan ga jama'a a 1958. Ga tambura, ga masu da takubba, ga kwari da baka, ga kayan kamun kifi. Ba sai na jero muku ba, idanunku sun isa.

Abin da ya kawo mu yau wata magana ce da ke yawo a WhatsApp, wai an hana sayar da kayan gargajiya. Har wani dattijo mai zanen ƙwarya ya ce min shi ya fasa kai kayansa wurin baje koli, kada a kama shi. Na ce, "Baba, yaushe kuka zana wannan?" Ya ce shekaranjiya. Na ce, "Allah ya ƙara girma, ai ba da ku ake ba."

To a nan ake ruɗewa, mu bi a hankali.

Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ja layi a shekara guda: 1918. Aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918, kayan tarihi ne. Ba ka da ikon sayar wa kowa sai wanda hukumar ta amince masa, kuma ba ya fita Najeriya sai da izininta.

Ku dubi takubban nan biyu. Na dama, maƙeri ne ya ƙera shi bara, baduku ya ɗinka masa kube. Wannan haja ce, a yi ciniki, a sa albarka. Na hagu kuwa gado ne tun zamanin yaƙe-yaƙen Kabi. Kamarsu ɗaya, hukuncinsu daban.

Amma shekaru kaɗai ba su raba gardama. Abu zai iya zama an yi shi bayan 1918, amma idan yana da darajar tarihi kuma an yi amfani da shi wajen wata al'ada, kamar tambarin sarauta, ya shiga cikin dokar. Haka duk abin da aka tono daga ƙasa, irin mutum-mutumin yumɓu da aka yi ta haƙa a Kwatarkwashi ta Zamfara ana fita da su. Wannan asara har yau tana ci min rai.

Saboda haka tambaya uku ce: yaushe aka yi shi, me aka yi da shi, a ina aka same shi? Faifai, tabarma, alabe, ƙwarya, homar da aka saƙa bana, duk sun tsallake.

Idan baƙo daga Turai ya saya, gara ya nemi takardar shaida daga hukumar cewa sabon aiki ne, don kada a tsare shi a filin jirgi. Kuma don Allah masu turara wa sabon kaya hayaƙi don ya yi kama da tsoho, ku bari. Kuna ja wa mai saye wahala, kuna kuma ɓoye gwanintarku.

Ni abin da nake so in gani shi ne rumfa ta dindindin kusa da gidan nan, da sunan kowane mai sana'a a jikin kayansa. Tun 2016 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin al'adun duniya, amma biki kwanaki kaɗan ne, maƙeri kuwa kullum sai ya yi cefane.

Ga Baba can ya mayar da wuƙarsa wuta. Ku matso da kyamara, ku ga yadda take shiga bayan ƙwaryar.