Zazzaɓi da robar wuya: laccar da aka yi wa ma'aikatan jinya a karkarar Haɗeja

Assalamu alaikum, malamai. Na san wasunku daga Kafin Hausa da Auyo kuka taso, ba zan ja ku da nisa ba.

A yankin nan ciwon ƙoda ba baƙo ba ne. Mutum zai je Kano wankin ƙoda, ya dawo ƙauye da robar da ake yi masa wankin ta cikinta a wuya, wadda bakinta ke zaune cikin babbar jijiya dab da zuciya. To idan irin wannan ya zo muku jiki zafi rau yana makyarkyata, ku fara zargin robar nan kafin komai.

Wani dattijo da aka taɓa kawo mini har yau yana raina. Gwaji ya nuna maleriya, muka ba shi magani, muka saki jiki. Sai da na ɗaga rawaninsa washegari na ga filastar da ke kan robar wuyansa ta jiƙe, mugunya na tsattsafowa. A lokacin jininsa ya faɗi, wato awon BP ɗinsa ya yi ƙasa, ya daina gane 'ya'yansa. Maleriyar gaskiya ce, amma da damina wa ba ya ɗauke da ita? Kuma ku sani, sau da yawa wurin da robar ta shiga yakan bushe tas alhali ƙwayar cuta na cikin robar.

Inda akwai hali, a ɗebi jini kashi 2 don gwajin ƙwayar cuta kafin a ba da antibayotik, ɗaya ta robar, ɗaya ta jijiyar hannu. Idan na robar ya riga nuna ƙwayar cuta da awa 2, ita ce tushen. Amma wanda jininsa ya faɗi ba a jinkirta masa: allurar antibayotik ta shiga cikin awa 1, ko an samu kwalabar gwaji ko ba a samu ba. Ƙarin ruwa kuwa a hankali, ƙodarsa ba ta fitarwa.

Idan aka ce a cire robar, dangi za su ce, "Malam, kuɗi muka kashe a kanta." Gaskiyarsu. Sai dai idan jini ya faɗi, ko mugunya ta bi hanyar robar, ko gwaji ya nuna ƙwayoyin cutar da ake kira Staphylococcus aureus ko Candida, dole ta fita. Don Allah kada wani ya fizge ta mara lafiya na zaune, iska na iya shiga jijiya. Kwantar da shi ake yi rigingine, kai ya ɗan yi ƙasa da ƙafafu, a zare ta, a danne wurin a rufe ruf. Robar da ke bi ta ƙarƙashin fata kuwa sai likita ne zai cire ta.

Idan za ku tura shi Kano, ku rubuta ranar da aka saka robar, da maganin da kuka ba shi, da ƙarfe nawa.