Amsoshin Tambayoyinku: kuka da Turanci, ina cry ina weep?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku, yau sanarwa ta ɗan ci mana lokaci don haka ba dogon gaishe-gaishe. Malaminmu na Turanci ya iso. Allah gafarta Malam, ya hanya?

Malam: Lafiya lau Alhamdu lillahi, sai dai cunkoson wajen Ƙofar Nassarawa da ya so ya riƙe ni.

Mai gabatarwa: To madalla. Saƙon farko daga wani ɗalibi ne a Kurna, yace ya ga an rubuta tear an ce hawaye ne, ya kuma ga tear an ce yaga takarda ne, wai wanne ne daidai?

Malam: Duka daidai ne, rubutu ɗaya furuci biyu, na hawaye kace "tiya", na yagawa kace "teya".

Mai gabatarwa: Ka ji ɗan Kurna. Sai wani bawan Allah daga Yakasai, wai kukar da ake miya da ita ita ma cry ce? Kai ɗan uwa Allah ya shirye ka, ni na san tsokana ce, sunanta baobab, a gaida mutan gida.

To ga wadda ta fi yawa a saƙonnin wannan satin, na zaɓi na wata malamar firamare daga Gwammaja don ita ta fi fayyace abin. Tace "Don Allah meye bambancin cry da weep, yara sun tambaye ni a aji nace musu duk ɗaya ne, amma tun ranar raina bai kwanta ba." Malama Allah ya saka da alheri da kika tambaya, wani da shiru zai yi ya bar yara a haka. Bismillah Malam.

Malam: To ai shi cry ɗin nan asalinsa ma ba hawaye bane. Daga Faransanci ya shigo Turanci, bayan mutanen Nomandi na ƙasar Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci suka dinga kwarara cikin harshen, kuma ma'anarsa ta farko ɗaga murya ce, ihu, kira. Shi yasa har yau mai shela ake ce masa town crier, ka ga ai mai shela ba kuka yake ba, sanarwar sarki yake kaiwa lungu-lungu. Haka in ka buɗe jaridunmu na Turanci za ka ga an rubuta residents cry out, wato mutanen unguwa sun koka kan rashin ruwa ko lalacewar titi, a nan ma mun yi kama da su don mu ma muna cewa na kai kukana gun mai unguwa alhali ko ɗigon hawaye babu. Amma fa kar wani yaje ya rubuta I took my cry, babu wannan, complaint ake cewa. Shi kuwa weep ya girmi cry a cikin harshen, tun tsohon Turanci yake...

Mai gabatarwa: Malam a gafarce ni, ita Malama gobe da safe za ta shiga aji, me za ta ce wa yaran?

Malam: Yauwa to. Tace musu cry shine na yau da kullum, na jariri na babba, na baƙin ciki na murna, duk inda Bahaushe zai ce kuka a hira to cry ya wadatar. Weep kuma na littafi ne da jawabi mai nauyi, ya fi zuwa da baƙin ciki mai zurfi, hawaye na zuba, sau da yawa ba hayaniya. Waɗanda suka yi adabi a sakandare za su tuna littafin Ngugi na ƙasar Kenya, Weep Not, Child, da ya fito a 1964, to irin wannan wurin ne gidan weep. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, mai ƙoƙari ne sosai, ya kawo min insha'i ya rubuta my little brother was weeping because of biscuit, na kira shi gaban tebur nace ƙaninka ɗan shekara nawa ne, yace biyu, nace to ɗan shekara biyu da aka hana biskit yana birgima a tsakar gida yana buga ƙafa, wannan crying yake, ka ajiye weep sai ranar da ka zo rubuta labarin uwar da ta rasa ɗanta. Nahawunsa bai karye ba, amma kamar ka saka babbar riga da rawani ne za ka sayo kifi a bakin layi. Sannan in abin ya wuce wept ake cewa, ba weeped ba, wannan kuskuren ina yawan ganinsa a takardun masu shirin WAEC da NECO.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Cry na kullum, weep na rubutu da babban baƙin ciki, in ya wuce kuma cried da wept. Malama kin ji, cry na kullum, weep na littafi. Ni dai a ra'ayina abin da ke damun mu shine son babbar kalma, mutum yana ganin in yace cry kamar bai yi boko ba, alhali su masu harshen shi suke faɗa safe da yamma.

Ga wata 'yar uwa daga Ɗorayi, tace ranar da aka kai yayarta ɗakin miji ta so ta rubuta a Facebook irin kukan da amarya ta yi amma ta rasa kalma, don ba ihu ta yi ba kuma ba shiru ba.

Malam: Sob take nema, shessheƙa kenan. Duk wanda ya taɓa raka amarya ya san shi, tana lulluɓe cikin mayafi ba ka ganin fuskar, sai kafaɗa kawai ke rawa, numfashi na sarƙewa tana jan sa guntu-guntu, gwaggo na riƙe da hannunta tana cewa yi haƙuri kowa da haka ya saba. She was sobbing. In kuwa da ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu mai tsawo to wail ne, irin kururuwar da ake ji a wasu gidajen mutuwa, wadda dai mun san addini ya hana duk da bai hana zubar hawaye ba. Jiniyar motar asibiti ma wail ake cewa tana yi, saboda jan sautin. Akwai kuma bawl, wannan wage baki ne a tsala kuka kamar yaro a layin allurar rigakafi, kuma don Allah kar a faɗe shi kan babban mutum, akwai raini a ciki. Ƙaramin kukan nan ƙasa-ƙasa na yaro mai zazzaɓi ko ɗan kwikwiyo shi kuma whimper.

Mai gabatarwa: To Malam ni ma bari in saka tawa. Shekarar da muka raka Hajiyarmu za ta tafi aikin Hajji, tana juyowa ta ɗaga mana hannu sai naji idona ya ciko, ban yi kuka ba, ƙwallar ma bata sauko ba, na dai kasa magana. Wannan fa?

Malam: I teared up, ko kace my eyes welled up. Ƙwalla ta taru bata zubo ba. Da ta ɓalle maka gaba ɗaya sai muce you burst into tears, ka fashe da kuka.

Mai gabatarwa: Allah sarki. Lokaci na ta tafiya. Wani mai shayi daga Fagge yace in yana yanka albasar da zai soya ƙwai idonsa na ruwa, yace I am weeping?

Malam: A'a, my eyes are watering, in yace onions make me cry ma ya yi.

Mai gabatarwa: Sai wata baiwar Allah daga Hotoro, tace meye crocodile tears, wai tana so ta tura wa abokiyar zamanta. Haba Hajiya! Ma'anar dai za mu faɗa miki don ilimi ne, amma turawar nan ban goyi baya ba, ki bari a zauna lafiya ko don yaran gidan.

Malam: Kukan munafurci ne, hawayen ƙarya. Daga wani tsohon zance na Turawa aka samo shi, wai kada yana zubar da hawaye alhali yana cin abin da ya kama. Ni ma dai ina bayan mai gabatarwa, kar a tura.

Mai gabatarwa: To ga shi ana ɗaga min hannu ta bayan gilashi. Mai tambaya kan mourn da lament daga Rijiyar Lemo, da ɗalibar Sharaɗa da ta tambayi whine, ku yi haƙuri saƙonninku na nan a hannuna da su za mu buɗe sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu turo saƙo kuma don Allah a dinga rubuta unguwa. Malam mun gode, Allah ya ƙara basira.

Malam: Amin, ni ma na gode.

Mai gabatarwa: Jama'a a huta lafiya, wassalamu alaikum.