Kullutun Wuya da Dashewar Murya: Lacca ga Jama'ar Mai Wurno

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana mazauna Mai Wurno, da baƙinmu da suka taso daga garin Sinnar, a nan Sudan. Yau zan yi magana ne a kan alamomin sankarar wuya, maƙogwaro da baki.

Kowa ya san kaluluwar da ke fitowa a wuya lokacin mura ko ciwon haƙori: tana zafi, tana motsi a ƙarƙashin yatsa, kuma takan sace cikin mako 1 ko 2. Kullutun da nake so ku sa wa ido shi ne wanda ba ya ciwo, mai tauri, wanda ya kafe wuri ɗaya yana ƙara girma har ya wuce mako 3, musamman a wuyan wanda ya haura shekara 40. Rashin zafin nan ne ke yaudarar mutane, domin magidanci yakan naɗa rawani ya rufe kullutun ya ci gaba da zuwa gona, alhali sankara a farkonta ba kasafai take ciwo ba. Gaskiya ne ba kowane kumburi ne sankara ba, akwai maƙoƙo da ke hawa da sauka idan an haɗiyi yawu, akwai kuma kaluluwar tarin fuka, amma ido kaɗai ba ya rabe su.

Muryar da ta dashe fiye da mako 3 ba tare da mura ba tana buƙatar a leƙa maƙogwaro. Haka nan wahalar haɗiye abinci, da ciwon kunne ɗaya wanda aka duba ba a ga komai a cikinsa ba, da toshewar kafar hanci ɗaya tare da haɓo da raguwar ji a ɓangaren nan, da rama babu dalili.

Dole in tsaya a kan tumbak, domin shi ne matsalarmu a nan Sudan. Garin taba ne da ake kwaɓawa da kanwa, yana ɗauke da sinadarai masu haddasa sankarar baki, kuma samarinmu suna cusa shi a leɓen ƙasa tun safe har dare. Duk mai sa shi ya tsaya gaban madubi cikin haske, ya ja leɓensa ƙasa, ya dubi daidai inda yake ajiye shi. Idan ya ga farin tabo da ba ya goguwa, ko jan tabo, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada ya jira. Sigari da giya su ma suna ƙara haɗarin ƙwarai.

Ina roƙonku da girman Allah, kada a kai irin wannan kullutu wurin wanzami a tsaga ko a yi masa sakiya, kuma cire beli ba ya maganinsa. A asibiti likita zai leƙa da madubi ko siririn bututu mai fitila, sannan ya zuƙo ɗan ruwan kullutun da allura a auna. Na san yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya wahalar da tafiya da neman magani, don haka wanda ya ga alama ya fara zuwa asibiti mafi kusa, ya nemi takardar da za ta tura shi ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.